Tinya a Ɗakin Amarya

Shekarun baya, lokacin ina haya da babur tsakanin Rano da Kibiya, wata tunkiya ta yanko mini hanya ina ɗauke da buhun taki. Na kauce mata, na faɗa kwalbati. Tunkiya ta wuce abinta ko waiwaye ba ta yi ba, ni kuwa ƙafata ta dama ta karye. Maɗori ya ɗaure ta da kara, ya ce in manta da babur sai an kai amfanin gona gida. Matata ta riga ta rasu kafin nan, Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka aka kwashe ni daga ɗakin da nake haya a Rano aka mayar da ni gidanmu na Kibiya, wurin mahaifiyata.

Da farko ƙofar ɗakina ba ta rabuwa da takalma. Abokan tasha, 'yan'uwa, har waɗanda na saba kaiwa kasuwa, kowa ya zo ya yi mini sannu. Sai damina ta kankama, kowa ya koma gonarsa, takalman suka yi ta raguwa har ya zama nawa ne kaɗai, shi ma wari ɗaya, tunda ɗayar ƙafar ba ta shiga takalmi. Ban ga laifin kowa ba. Ni ma da nake da lafiyata ban tuna na taɓa komawa duba mara lafiya ba bayan zuwan farko.

Mu biyu ne a gidan, ni ba ƙafa, Inna ba ido. Yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta bambance haske da duhu. Da lalube take dafa mana abinci, maƙwabciyarmu tana taimaka mata da ɗebo ruwa da cefane. Da rana takan zauna a bakin ƙofarta ta jefo mini magana, ni kuwa idona yana kan waya, in ce "to" ko in yi gyaran murya. Har ta gaji ta daina. Sai mu wuni ba abin da ake ji a gidan sai kaji da ɗigar ruwa daga indararo.

Kafin idonta ya tafi, Inna gwanar kwarashi ce. Hular jarirai da safa duk tana yi, amma abin da aka fi saninta da shi wani ɗan fure ne. Takan saƙa ɗan kasko da zare mai ruwan ƙasa ta cusa masa auduga, ta naɗe siririyar waya da koren zare, sannan ta ɗora jajayen furanni a kai. A danginmu ba amaryar da aka taɓa yi wa jere ba a ɗora wannan fure a saman kabad ɗinta ba. Mata suna ce masa furen Inna. Ita da kanta take kaiwa, ita take ajiyewa, kuma sai ta ajiye ake cewa jere ya kammala.

Ana cikin haka yayata ta zo daga Rano ta gaya mana an sa ranar auren babbar 'yarta, da kaka. Muka yi murna. Da za ta tafi sai ta dafa gwiwar Inna ta ce kada ta damu kanta da zancen fure, an riga an sayo na roba a Kano, mai kyau, har da ƙyalƙyali. Da kyakkyawar niyya ta faɗa. Inna ta ce madalla, Allah ya sa albarka.

Bayan la'asar na ji an buɗe gwangwanin da take ajiye zare. Na leƙa ta taga. Tana zaune a kan tabarma da kwarashi a hannu, tana soka shi inda take zaton zaren yake, yana wucewa ta gefe. Ta jima tana yi. Sannan ta mayar da komai ta rufe gwangwanin a hankali don kada in ji. Tuwon ranar a kwano ya kwana.

Ba zan ce tausayi kaɗai ya sa na fara ba, akwai zaman banza a ciki. Na gama kallon duk abin da ake kallo a waya. Sai na nemi yadda ake saƙa, na ga hannun wata mata tana yi a hankali, ba na jin yarenta amma ina ganin yatsunta. Da Inna ta shiga wanka na ja jiki na ɗauko gwangwanin.

Abin da na fara saƙawa bai yi kama da komai ba. Tauri kamar tsakuwa, ga rami a gefe wanda yatsa zai shige. Ina fama da shi sai na ji muryarta daga tsakar gida tana tambayar wa ya taɓa mata gwangwani. Ashe ƙarar murfin ta ji. Ta lalubo ƙofa ta shigo, ta miƙo hannu, na ba ta. Ta shafa shi ciki da waje, sai kawai ta kama bakin zaren ta ja. Aikin wuni guda ya koma zare a gabana.

"Auta, kana shaƙe zaren nan kamar kana ɗaure kaya a bayan babur," in ji ta. "Sake shi ya sha iska. Ba gudu zai yi ba."

Daga ranar gidanmu ya samu magana. Bayan karin kumallo takan zo ta zauna kusa da ƙafata mai ɗori, ta ɗora hannuwanta a kan nawa, ta nuna mini yadda ake rataya zare a yatsa da yadda ake ƙara faɗi in ana son abu ya buɗe. In na yi layi sai in miƙa mata. In ta mayar mini ba ta ce komai ba, ya yi. In na ji ta ja numfashi, to zare zai koma gwangwani. A tsakanin haka nake jin labaran da ban taɓa tsayawa na ji ba: yadda ta koyi saƙa wurin wata malamar asibiti tana amarya, da yadda mahaifina yake riƙe mata zare a hannu biyu tana naɗewa, in ya ji sallama ya yi wuf ya jefar. Muka shirya cewa furen bana zai fito, ita ce ido a yatsu, ni ne hannu.

Wata ranar Juma'a abokina ya zo, wanda muke layi ɗaya a tasha. Shi kaɗai ne bai yanke ƙafa gaba ɗaya ba. Da na ji sallamarsa na tura saƙar ƙarƙashin mayafi, sai dunƙulen zare ya gangaro ya bi tabarma ya tsaya daidai ƙafarsa. Ya ɗauka, ya bi zaren da hannu kamar mai jan akuya, har ya zaro kwarashin.

"Mutumina, mun bar ka kana jinya, ashe makarantar matan aure ka shiga?"

Na ce na Inna ne, zare kawai nake riƙe mata. Inna tana zaune a wurin tana jinmu. Ya yi dariyarsa, ya ce zai gaya wa 'yan tasha su fara kawo odar hular jarirai. Bayan ya tafi na ce wa Inna don Allah kada ta bari kowa ya ji ni nake yi, in aka ji a tasha ba ni da sauran zama lafiya. Ta ce to, ba mai ji daga bakinta.

Kaskon bai ba ni wahala sosai ba. Furen ne ya gagare ni. Inna tana kiran ganyayyakinsa kunnuwa, kuma dole kowane kunne ya buɗe daidai da ɗan'uwansa. Nawa kuwa sai su nannaɗe kamar busasshiyar kuɓewa. In yi, ta shafa, ta warware. In sake, ta sake warwarewa. Gero ya nuna, aka fara girbi, biki yana matsowa, ni ko fure ɗaya ban tsayar ba. Na fara jin haushin yatsun nan nata.

A lokacin ne na ga wani abu a waya. Wata 'yar tsiro ce ake saƙawa, koriya, a tsaye kamar babban yatsa, da 'yan hannuwa biyu a gefe, ana cusa mata auduga ta yi ɓul-ɓul, a bi ta da farin zare a yi mata ƙayoyi, a ɗora ɗan jan tozo a ka. Ba kunne ko ɗaya. Na ga yadda mutanen birni suke jera ta a kan tebur da bakin taga. Tabbas na ga kamarta da tinyar da ke fitowa a tsakanin duwatsun Rano, amma ban kawo komai a raina ba. Har cewa na yi abin ya dace da aure, tsiron da rani ba ya kashe shi. A hoton suna sa mata ido da baki, na bar wannan, don na san Inna ba ta taɓa saƙa abu mai fuska ba. Iyakar tunanin da na yi ke nan. Ni namiji ne, ban taɓa tsayawa wurin jere ba, ban san abin da ake shiga da shi ɗakin amarya da abin da ba a shiga da shi ba.

Da rana in Inna ta kwanta hutawa nake yin ta, kuma ta fito da kyau, karon farko da na yi abu na dube shi na ji daɗi. Na dasa ta a kaskon, na naɗe da takarda na sa a leda na ƙulle. Na ce wa Inna fure ya kammala. Ta yi mamaki, ta miƙo hannu ta ce in kawo ta taɓa. Na ce na riga na naɗe, in aka buɗe za a lotsa shi. Ta ce ai a hankali za ta taɓa. Na ce mata, da murya mai ɗan ƙarfi, ita komai sai ta warware, ta bar wannan ya kai inda za shi. Ta janye hannunta ta ɗora a cinya.

Ranar jere yayata ta aiko da mota. Inna ta yi wanka ta sa atamfar da ta daɗe ba ta ɗaura ba, ta shafa turare, ta rungume ledar a ƙirji. Na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu a ƙofar gida cewa bana ma ba a fasa ba. Suka tafi, gida ya rage ni da kaji. Na wuni ina kallon inuwar katanga tana tafiya, ina ƙiyasta yadda mata za su yi ta juya abin suna tambayar ina aka samo wannan sabon yayi.

Kafin magariba na ji tsayuwar mota. Inna ta shigo tana bin bango, ledar tana hannunta. Ta ajiye ta a bakin ƙofata, ta tambaye ni ko na ci abinci, ta shige ɗakinta. Ba ta sake fitowa ba.

Da safe yayata ta kira ni, ranta a ɓace. Ta ce ɗaki ya cika da mata, dangin ango da namu, aka buɗe wa Inna hanya kamar yadda aka saba, ta kwance leda da hannunta ta ɗaga abin sama. Gwaggon ango, wata dattijuwa mai baki, ita ta fara magana. Ta ce, "Hajiya, tinya ce fa wannan. Abin da ake kewaye maƙabarta da shi za a sa wa yarinya a ɗaki ranar shigarta?" Yayata ta ce Inna ta shafa abin sau ɗaya, ta tsaya, sannan ta ce a yi haƙuri, ita ta yi, ido ne ya yaudare ta. Ta mayar da shi leda da kanta. Aka ɗora furen roba. A tsakar gida kuma yayata ta ji wasu suna raɗa cewa tsohuwar ba ido kaɗai ta rasa ba, hankalin ma ya fara tafiya. Ta ce da ni, ina gidan ina kallo na bar Inna ta kunyata kanta, me ya hana ni dubawa?

Na kashe waya, na ɗauki ledar, na ja jiki zuwa ƙofar Inna. Tana zaune da carbi. Na tambaye ta me ya sa ba ta ce ni ne ba.

"Kai ka ce kada in faɗa."

Na sunkuyar da kai. Can ta ce, ba da faɗa ba, "Da ka bari na taɓa, Auta."

Na ciro tinyar na sa mata a hannu. Ta daɗe tana bin ta da yatsu, daga gindi har tozo, ta lalubi inda na haɗa hannuwan, ta matsa ta ji yadda audugar ta zauna. Ina jira ta kama bakin zare ta ja. Ba ta ja ba. Ta ce ba rami ko ɗaya, hannuna ya faɗa, sai dai ba wurinta na aika ta ba.

Akwai sauran ganin ɗaki, ranar da dangin amarya suke komawa su ga yadda ta zauna. Na ce wa Inna mu sake gwada furen. Ta ce in na ga zan iya. Wannan karon a tsakar gida na zauna, inda haske ya fi. Ta warware mini kunnuwa har na daina lura. Sai a nan na gane abin da take ta faɗa mini tun farko, cewa a tsakiyar kunne ake sassauta hannu, a bakinsa a matse. Ana cikin yi abokina ya yi sallama. Hannuna ya kai ga mayafi, sai na fasa. Ya tsaya yana kallona, ya buɗe baki zai fara, na ce ya zauna ya miƙo hannu biyu. Na rataya masa jan zare ina naɗewa. Ya riƙe yana ƙunƙuni, yana cewa in wani ya shigo zai rantse bai san ni ba. Inna ta yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarta tun kafin in karye.

Furen ya tsaya, jajaye uku a kasko ɗaya. Inna ta shafa ta ce kunne ɗaya ya fi 'yan'uwansa girma, amma a bar shi. Na ce ta shirya mu tafi tare. Ta ce a'a, ita ta gama shiga taron mata, in je in dawo.

Abokina ne ya kai ni Rano a babur ɗinsa, ƙafata a miƙe, sanda a hammata, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A ƙofar gidan amarya na aika a kira mini yayata da gwaggon ango. Da suka fito na gaishe su, na ce tinyar nan ni na saƙa ta, Inna ba ta taɓa ta ba sai a gabansu, ni na hana ta. Yayata ta riƙe baki. Gwaggo ta dube ni daga hula har sanda, ta fashe da dariya har tana dafa bango. Ta ce ai da an ce aikin namiji ne da ba wanda ya yi mamaki, mu da ba mu san bambancin ɗakin amarya da shingen gona ba. Ta karɓi furen ta juya shi, dariyar ta ɗauke. Ta ce wannan kam hannun Hajiya ne ko da aron yatsu aka yi, in gaya wa Inna ta yafe mata abin da bakinta ya faɗa.

Amarya da kanta ta ja ni ciki, tana tsokanata wai Kawu ya samu sana'ar tsufa. Ta hau kujera ta matsar da furen roba gefe, ta ɗora na Inna a tsakiya.

Da na dawo Kibiya Inna ba ta tambaye ni wa ya ce me ba. Abu ɗaya ta tambaya, a ina aka ajiye shi. Na ce saman kabad, a tsakiya. Ta gyaɗa kai ta ce alhamdu lillahi, ta tashi ta ɗora tukunya.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Maganar da aka yi a cikin taro ta riga ta bi mata zuwa Madachi da Tarai, gyaran da na yi kuwa a ƙofar gida ya tsaya, gaban mutum biyu. Inna ba ta sake zuwa jere ko suna ba. Ƙafata ta warke, amma ban koma ɗakin hayata na Rano ba, na zauna tare da ita. Kullum bayan la'asar in na ajiye babur sai in ɗauko gwangwani, in yi layi in miƙa mata. Haka muka yi har Allah ya karɓi abarsa. A maƙabartar garinmu aka sa ta, kuma ranar ce na fara lura da kyau cewa gefen da ake shiga tinya ce a jere, koriya shar, alhali komai ya bushe.

Har yanzu ina saƙa. A tasha in ba fasinja nakan zauna a gindin bishiya da kwarashina, an yi tsokanar har an gaji. In za a yi jere a dangi ana aiko mini, in yi furen in ba yayata ta kai, har yau kuma furen Inna suke ce masa. Tinyar tana bakin tagar ɗakina, rana ta cinye korenta ta ɓangare ɗaya.

Abin da na kasa sabawa da shi ɗaya ne. Wani lokaci in na kai ƙarshen layi sai in ga hannuna ya miƙa gefe da kansa, inda take zama. Da can ba abin da nake jin haushi kamar in ga ta kama bakin zare ta ja. Yanzu duk abin da na saƙa, daidai ko karkatacce, haka yake zama. Ba mai warware mini.